Wata uku ina niƙa gahawa da hannu, ga inda aka kwana

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon haɗa gahawa a gida. Yau wata uku cif da na daina sayen niƙaƙƙiya na koma niƙawa da kaina, to bari in faɗa muku inda na kai, musamman ku da kuke ta tambaya wace ɗahuna, wato ɗan injin niƙa gahawa na hannu, ya kamata mutum ya fara da ita.

Ta farko a wani shago wajen Bab Makka na saye ta, nan Jidda, riyal 45, mai haƙoran tangaran. Sati biyu ina sha ina jin ɗaci da tsami lokaci guda, na canza ruwa, na canza takardar tacewa, duk a banza. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na niƙa giram 15 na juye a farin faranti na baza da yatsa, wallahi sai ga shi kamar an haɗa tsaki da garin tuwo, wasu ɓarzazzu manya wasu kuma ƙura. Nan na gane. Mai laushin nan take yake sakin duk abin da ke cikinsa har da ɗacin, shi kuma ɓarzajjen ruwa bai gama shigarsa ba sai ya ba ka tsami, ga ƙurar tana toshe takarda, ruwan da ya kamata ya sauka cikin minti uku sai ya haura biyar kana tsaye kana kallo.

Da na kwance ɗahunar sai na ga sandar tsakiya ce ke rawa. Daga sama kawai aka riƙe ta, kana juyawa haƙorin ciki yana karkata nan ya karkata can, tazarar tana buɗewa tana rufewa. To dan Allah duk wadda za ku saya, ku kama sandar ku girgiza tun a shago. In ta yi kwal-kwal ku ajiye musu kayansu. Mai kyau tana da boris sama da ƙasa, in ka juya mariƙin ba komai a ciki za ka ji yana tafiya sumul.

Abu na biyu da za ku duba, haƙoran su zama na ƙarfe. Na tangaran ba ya tsatsa kam, amma murƙushewa ya fi yi, na ƙarfe mai kaifi yanka yake, shi ya sa ya fi sauri kuma hannu bai cika gajiya ba. Na uku wajen saiti, ya zama mai ƙas-ƙas ɗin nan da za ka iya ƙirgawa, ka ɗaure har ƙarshe sannan ka sassauto kana lissafi, gobe ka dawo daidai inda ka tsaya.

Sunayen da za ku yi ta cin karo da su: Hario na Jafan, su ne masu mazubin tace gahawa da ake kira V60, Timemore na Sin, 1Zpresso na Taiwan, sai Comandante na Jamus wanda shi kam sai aljihu ya yi nauyi. Ni Timemore C2 na ɗauka, tana cin wajen giram 20 a zubi ɗaya. Yanzu awona giram 15 da ruwa giram 250, saiti na kan 20, ruwa na sauka cikin minti uku ko ƙasa kaɗan, kuma ran da na fara jin zaƙi-zaƙin nan a 'ya'yan gahawar Habasha ba tare da sukari ba sai da na kira ƙanina ya ɗanɗana.

Amma fa duk wannan maganar ta gahawar tacewa ce. Gahawarmu ta dalla (butar gahawar Larabawa), wadda tun 2022 aka koma kiranta gahawar Saudiyya, lissafinta daban. Suyarta sama-sama ce, launin ruwan ƙasa mai haske, kuma wake in bai soyu sosai ba tauri gare shi kamar tsakuwa. Ranar da muka yi baƙi daga Makka na zauna zan niƙa Harari, wani waken gahawar Habasha, na tarmus biyu, zubi uku na yi kafaɗa ta fara magana. Gwaggona tana kallona ta ce, “Kai ɗan nan, miƙo min najar ɗin can.” Ɗan turmin tagulla ne da ta fi shekara talatin da shi, kafin ruwa ya tafasa ta gama. Na ce Gwaggo ai bai yi daidai-wa-daida ba, ta ce wanda za a tafasa kwata guda a bar shi ya kwanta, ina ruwansa da daidai? Kuma gaskiyarta ne, finjalin da na sha ranar ba abin kushewa. Haka maƙwabcinmu ɗan Sudan yake yi wa jabanarsa, wato gahawarsu ta gargajiya, ya soya ta yi baƙi, ya daka a turmi, ya sa citta. In irin waɗannan kaɗai kuke sha, ni ban ga dalilin kashe kuɗi a ɗahuna mai tsada ba.

Hel kuwa, wato kayan ƙamshin nan da ake sa wa gahawar dalla (cardamom), kar ku kuskura ya shiga ɗahunar gahawa, shi da kanumfari, mai gare su kuma ƙamshin kama haƙora yake. Tsohuwar ɗahunar tawa na taɓa sa mata hel, har yau komai aka niƙa a ciki hel yake yi, sai na bar wa hel ɗin ita gaba ɗaya.

Wanki: ta ƙarfe ba ta son ruwa, balle da danshin Jidda, burushi kawai duk ƙarshen sati. In gari na mannewa a jikin kofin, ku jiƙa bakin cokali ku juya waken kafin ku zuba, ɗigo ɗaya ya isa.

Wani abokin aiki ya kawo min waken gahawar Khaulani daga Jazan, kudancin Saudiyya, mai matsakaiciyar suya. Sati mai zuwa zan gwada shi a saiti 18 da 20 da 22, kofi uku a jere da ruwa iri ɗaya, in sha Allahu zan kawo muku yadda ta kaya.