Yadda muka yi ranar Waliyiya Bakhita a cocinmu

Bana ni Zumuntar Mata suka ɗora wa shirin ranar Waliyiya Josephine Bakhita, 8 ga Fabrairu, ranar da ta rasu a 1947 a garin Schio na Italiya. Da farko hankalina na kan anko da kanofi da abincin baƙi, har na fara zagayen gudummawa, sai katikis ɗinmu ya ce min, "Mama, kafin ki tara kuɗi ki karanta tarihinta tukuna." Na karanta a waya da daddare, gaskiya ranar barci bai ɗauke ni ba.

'Yar Darfur ce a Sudan, ba ta kai shekara goma ba aka sace ta, tsabar firgici har sunan da iyayenta suka raɗa mata ya ɓace mata, Bakhita ɗin ma ɓarayin ne suka laƙaba mata, wato mai sa'a da Larabci. Aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu, a gidan wani janar Baturke aka tsattsaga jikinta wuri 114 ana cusa gishiri a ciwon. Daga baya aka kai ta Italiya, kotu ta ce ita ba baiwar kowa ba ce a 1889, ta karɓi baftisma 9 ga Janairu 1890, ta zama sista. Kuma tun da aka kai ta Schio a 1902 me take yi? Girki, gyaran bagadi, buɗe wa baƙi ƙofa. Wannan matar ce Paparoma John Paul na biyu ya sa cikin waliyai a 2000. Allah ma "Paron" take kiransa, wato ubangida, bayan duk iyayengijin da suka azabtar da ita sai ta sami wanda ta yarda da shi da zuciya ɗaya.

Sai muka fasa ankon. Muka yi addu'ar kwana tara daga 30 ga Janairu, ƙarfe shida na safe cikin sanyin hunturu kowa ya lulluɓa da zane, kuma kowace mace ta ɗauki aikin da ba mai gani ya yaba. Ni shara da wankin ƙyallayen bagadi na ɗauka, kuɗin da aka riga aka tara muka biya wa yara mata biyu na makaranta.

Inda abin ya yi min wuya shi ne yafiya. Akwai matar da ta ɗauki 'yar ƙanwata aikatau birni, yarinyar ta dawo bayanta duk shatin bulala, shekara uku ban gai da matar ba. Bakhita ta ce da za ta haɗu da waɗanda suka sace ta za ta durƙusa ta sumbaci hannunsu, don ta sanadinsu ta san Yesu, ni ban kai nan ba. Amma na lura Bakhita ma da uwargijiyarta ta Italiya ta zo ɗaukarta daga wajen sistocin da take zaune da su ƙin bin ta ta yi, ashe yafiya ba ta hana mutum cewa a'a. Hakan ya sauƙaƙa min, yarinyarmu ba za ta koma gidan nan ba har abada, amma a rana ta bakwai na iya ambaton sunan matar cikin addu'a, muryata na rawa, wata tsohuwa da ke gefena ta riƙe min hannu har muka gama.