Kwana biyu a kan duwatsun Asir

Makon da ya wuce, ni da abokaina uku da muka taso tare a Jidda mun tafi Abha, birnin da ke yankin Asir a kudu maso yammacin Saudiyya, domin mu hau Jabal Sauda, dutsen da tsayinsa ya kai kimanin mita 3,000 a jerin duwatsun Sarawat. Mun ajiye mota a inda kwalta ta ƙare, muka goya jakunkuna da tanti, muka bi wata tsohuwar hanyar makiyaya da ke ratsa itatuwan ar'ar, wani irin itace da ke tsirowa a kan duwatsu.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne numfashi. Wanda ya girma a bakin Bahar Maliya bai saba da iskar can sama ba, saboda haka duk bayan taku kaɗan sai in tsaya ina haki, kaina yana sara. Bayan La'asar hazo ya taso daga kwarin Tihama, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin duwatsun da teku, ya lulluɓe mu, har ba na iya hango wanda ke gabana. Babbanmu ya ce: "Ku zauna a nan, kada kowa ya matsa, akwai rami mai zurfi a hannun hagu." Gaskiyarsa ce, domin da hazon ya yaye muka ga bakin ramin kusa da ƙafafunmu.

Birai sun sace mana gurasa, wannan kuwa sakacina ne. Da Asuba ruwan alwala ya yi sanyin da ya sandarar da yatsuna. Mun sauka ta ɓangaren Rijal Alma, garin gidajen dutse, kuma har yau gwiwoyina ba su daina ciwo ba.