Elektron biyu da kason da ke ɓacewa

Jiya da dare muna fada ana shan shayi, ƙanena da ke karatun fizik a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya ɗauko wata magana da ta hana ni barci. Wai akwai wani irin atom, jamaniyom-76, wanda sai an yi shekaru kusan 2 da sifili 21 a bayansa kafin rabin ƙwayoyinsa su rikiɗe. Na ce kai yaro, sararin samaniya ma duka duka shekarunsa biliyan 13.8, wa ya zamna ya ga wannan? Ya yi dariya ya ce, yaya ai ba ƙwaya guda ake tsarewa ba, tara su ake. Giram 76 na jamaniyom-76 yana da ƙwayoyi 6 da sifili 23, to cikin wanga taro kusan 200 za su rikiɗe a shekara.

Abin da ke faruwa shi ne, a cibiyar atom ɗin nutron biyu suna komawa proton lokaci guda, sai elektron biyu su fito da gudu tare da antinutrino biyu (kishiyar nutrino, wata ƙwaya 'yar mitsitsiya mara caji), jamaniyom ya zama seleniyom. Me ya sa biyu? Saboda in nutron guda ya canza za a faɗa arsenik-76, shi kuma ya fi jamaniyom ɗin nauyi, hanya a toshe, sai dai tsallake. Maria Goeppert-Mayer ta lissafa haka tun 1935 amma sai 1987 su Michael Moe suka gani da na'ura a Kalifoniya, da seleniyom-82.

Inda abin ya kama ni shi ne rabon. Ƙarfin da ke fita daga jamaniyom-76 sananne ne, keV 2039 (keV ma'aunin ƙarfi ne na ƙananan ƙwayoyi), ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kamar kuɗin buhun gyaɗa da aka sayar a babbar kasuwa za a raba wa mutum huɗu, biyu kana ganinsu kana ƙirga abin da ke hannunsu, biyun kuma sun sulale ba wanda ya gansu don nutrino ko ƙasa ya ratsa ba ya tsayawa, shi ya sa in ka haɗa kason elektron biyun kullum bai cika ba, yau kaɗan gobe da yawa. To ranar da aka ƙirga aka ga 2039 cif a hannun elektron biyu kawai fa? Ke nan ba nutrino da ya fita, kuma zancen Ettore Majorana na 1937 ya tabbata, cewa nutrino shi ne kishiyar kansa.

Har yau ba a gani ba wallahi. Gwajin GERDA a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya ya ƙare da cewa in ma yana faruwa to sai an wuce shekaru 1 da sifili 26 kafin rabin ƙwayoyin su rikiɗe ta wannan hanya. Ni dai haƙurin mutanen nan ya fi ba ni mamaki bisa lissafinsu.

Muna tashi yaron ya ƙara min da cewa yuraniyom-238 irin na Arlit shi ma yakan yi wannan tsallaken jefi jefi, ya koma fulutoniyom-238. Na ce to a sake ɗora butar.