Takardar da na yaga

Jiya a tashar albasa ta Marwa na ga ɗan ƙanwata yana dunƙule wata takarda zai cilla a kwata. Wai an rubuto masa cewa shekara 3 da suka wuce motarsa ta haye wata gada ba a biya kuɗin wucewa ba, kuma tara ta hau kai. Ya ce, "Kawu, tsohon zance ne, wa zai tuna?" Gabana ya faɗi.

Ni ma haka na ce. Lokacin ina lodi daga Garwa zuwa Kusiri, aka kawo mini irin wannan takarda kan motar da na riga na sayar. Ban canja suna a kartagiris, wato takardar mallakar mota, ba, don mai sayen ɗan unguwarmu ne, sahu ɗaya muke sallah. Wa zai ce wa irin wannan mutum mu je a sa hannu? Na yage ta a gaban wanda ya kawo, har da ɗaga murya. Kuma gaskiya ce da ni, ban ci bashin kowa ba. Tun 1993 da aka kafa shingayen biyan kuɗin hanya a Kamaru nake miƙa sefa 500 a kowane shinge. Sai dai tikitin, da na karɓa sai in murza in jefar ta taga.

Da takarda ta biyu ta zo kuɗin sun ninka. Tsoro ya sa na damƙa wa wani jaka 20 a hannu ya kashe maganar, babu rasit. Bayan wata 6 ta uku ta zo. Ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu ana magana idonku na kan waya. To ku ji. Kada ku yaga. Ku ce a nuna muku rana da lambar mota da wurin da aka ce kun wuce. Ku sa a rubuta muku amsa da Faransanci, a buga hatimi a kan kwafinku. Kada ku biya ko dala kafin a nuna hujja. Ko da yake in kuɗin kaɗan ne, wallahi biya ka huta, zirga-zirgar ofis ta fi shi tsada. Amma da rasit, kuma a ofis, ba ta lambar wayar wani ba.

Wayar nan da kuke hoton fuskarku da ita safe da yamma, ku ɗauki hoton tikiti mana! Shi dai ɗan ƙanwar tawa, na ƙwace takardar daga hannunsa, na miƙar da ita a kan gwiwata. Ranar Litinin tare za mu je.