Kiwon kifin ado ga mai yawan tafiya: inda na kai

'Yan'uwana masu koyon kiwon kifin ado, ga bayanin inda na kai a kan matsalar da ta fi damun wanda aikinsa ke yawan fitar da shi daga gari, wato yadda zai bar tankinsa na kwanaki ba tare da hankalinsa ya rabu biyu ba. Tankina na gilashi yana cin lita 100, kuma a cikinsa akwai irin waɗanda masu sayarwa ke kira guppy da platy, sai kribensis guda biyu, wanda asalinsa kifin kogunan kudancin Najeriya da Kamaru ne.

Abin da ya tabbata a gare ni zuwa yanzu shi ne, ba yunwa ce abin tsoro ba, lalacewar ruwa ce. Jikin kifi ba ya ƙona abinci domin ɗumama kansa kamar namu, zafinsa yana bin zafin ruwan da yake ciki, saboda haka babban kifi mai ƙoshin lafiya yana iya yin kwana uku har zuwa mako guda bai ci ba, kuma babu abin da zai same shi. 'Ya'yan kifi ne kawai ba sa jure wannan, domin suna buƙatar ci sau da yawa a yini. Amma abincin da ya yi yawa ya kwanta a ƙasa ruɓewa yake yi ya zama amoniya, wadda ke ƙona gaɓoɓin da kifi ke numfashi da su. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin soson matatar ruwa su ne ke mayar da amoniyar ta zama naitirait, sannan ta zama naitiret mai sauƙin illa, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon tanki. Wanda tankinsa bai kai wannan lokacin ba, shawarata ita ce kada ya zuba kifi da yawa sannan ya kama hanya.

Mutanen gida tausayi ne ke sa su wuce gona da iri wajen ciyar da kifin, domin da zarar mutum ya matso kifin za su taru a jikin gilashi kamar sun kwana da yunwa. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce ɗan akwatin nan na ajiye magani mai gida bakwai. Nakan auna abincin da kifin za su cinye cikin minti biyu, in zuba a gida ɗaya in tsallake na gaba, sannan in ɓoye gwangwanin abincin gaba ɗaya. Abin da nake gaya wa ƙanena bai wuce wannan ba: “Ka buɗe gidan ranar kawai. In ka manta na jiya, bar shi ya wuce, kada ka haɗa da na yau.”

Na'urar ciyarwa mai aiki da batir tana da amfani idan tafiyar ta zarce mako, sai dai ba a ɗora ta ranar tafiya. Nakan bar ta ta yi ta juyawa a kan farar takarda na wasu kwanaki domin in ga ainihin abin da take zubarwa. Da damina danshi yana sa abinci mai kama da ɓawo ya dunƙule ya toshe bakinta, shi ya sa na koma kan mai ƙananan ƙwayoyi. Farin dunƙulen abincin nan da ake jefawa a ruwa ya riƙa narkewa a hankali kuwa ban amince da shi ba, domin narkewarsa ba ta bin buƙatar kifi.

Inda na fi ba da ƙarfi yanzu shi ne ɗaukewar wutar lantarki. Idan matata ta tsaya na sa'o'i masu yawa, bakteriyar da ke cikinta takan fara mutuwa saboda rashin iska, kifin ma su taso saman ruwa suna haki. Abin ya fi muni da bazara, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar numfashi kamar mai sanyi. Na sayi famfon iska mai batir a cikinsa, wanda ke ci gaba da aiki da kansa idan wuta ta ɗauke, na haɗa shi da matatar soso, ta yadda kumfar da ke shigar da iska ita ce kuma ke jan ruwa ta cikin soson. Da hunturu kuma ruwan tsotsewa yake yi da sauri, ga sanyin dare da ke saukar da shi ƙasa da digiri 24 zuwa 27 da waɗannan kifaye suka fi so, don haka murfi ya zama dole, kuma na ja layi a jikin gilashi domin na gida su san inda za su cika.

Kwana biyu kafin tafiya nakan canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, domin in sami damar lura da kifin kafin in fita. Soson kuwa a cikin ruwan da na kwashe nake matse shi, saboda sinadarin kulorin na ruwan famfo yana kashe bakteriyar. Ba na ƙara sabon kifi a wannan makon, fitila kuma na sa mata agogon da ke kunna ta awa shida a yini domin kada gansakuka ta rufe gilashi. Shukar anubias, wadda ita ma ta dazukan yankinmu ce, tana jure ƙarancin haske, amma ɗaure ta ake yi a jikin dutse, domin in an binne gindinta a yashi ruɓewa yake yi.

Aikin da ke gabana shi ne haɗa ƙaramin faifan sola da batir wanda zai ɗauki famfon iska da matata dare da rana, kuma ina so in kammala shi kafin zafin watan Maris ya shigo.