Na ga yana sata na yi shiru, wani yaro ya kwana a ciki

Ƙannena masu zaman shago da duk mai aiki a ƙarƙashin wani, da ku nake, kuma abin da ya faru da ni ne zan faɗa muku.

Farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, tsabar naira ta yi wuya kowa ya koma tiransifa, ina zaman wani shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari. Mu huɗu ne yaran shago, Alhaji sai da yamma yake leƙowa ya duba littafi. Kun tuna yadda sabis ya dinga yi a lokacin, kuɗi ya fita daga akawun ɗin kwastoma amma alat bai shigo ba sai washegari, lissafi ya rikice wa kowa a kasuwa. To a nan babbanmu da muke ce wa Yaya ya samu ƙofa, in an sayi turmi biyar sai ya ba da lambar akawun ɗinsa, ya tura kuɗin uku shago ya rubuta uku a littafi, biyu sun zama nasa.

Wata Hajiya ce ta dawo canjin kaya ta nuna min risit a wayarta, na ga sunansa, shi ma ya ga na gani. Da za mu tashi ya damƙa min dubu biyar tsaba ya ce ka hau mota, a lokacin da mutane ke kwana a layin banki. Na karɓa. Wallahi daga ranar bakina ya mutu, don duk sanda na yi niyyar magana sai in tuna ai nima na ci.

Na dinga lallashin kaina, mutumin nan yana da iyali, shi ya kawo ni shagon, in na faɗa za a ce ni munafuki ne mai raba mutum da hanyar abincinsa, kuma ai an ce wanda ya rufa asirin Musulmi Allah zai rufa nasa.

Gab da azumi Alhaji ya sa aka ƙirga kayan sito, turmi sama da ashirin babu su babu kuɗinsu. Zargi ya faɗa kan ƙaraminmu saboda shi ake aika sito da mukulli, yaro ne da bai fi shekara 17 ba, daga ƙauye aka kawo shi. Ya yi ta rantsuwa yana kuka, ina tsaye ina kallon ƙasa. Ba a kai shi ga 'yan sanda ba, an dai kira wanda ya kawo shi aka sallame shi, kuma kun san Kwari, in aka ce maka ɓarawo a layi ɗaya babu mai ƙara ba ka mukulli, duk burin nan na wata rana maigida ya yaye ka ya ba ka jari ya tafi kenan.

Azumin nan ban ji daɗinsa ba. Bayan tafsiri na tsayar da wani malami na ba shi labari ban ambaci suna ba. Ya ce rufin asiri ana yi wa wanda ya yi kuskure tsakaninsa da Ubangijinsa, amma wanda yake kan cin haƙƙin wani har aka ɗora wa marar laifi, shirunka taya shi ne. Ya kawo hadisin taimakon ɗan'uwa ko shi ne azzalumin, ta hanyar hana shi zaluncin, da ayar da ke kusa da ƙarshen Baƙara da ta hana ɓoye shaida, ya ce sanar da mai dukiya ba giba ba ce.

Don haka in ka gani, kar ka karɓi ko katin ɗari daga hannunsa. Ka ja shi gefe ku biyu ka ce Yaya na ga kaza ranar kaza, ka mayar, na ba ka sati ɗaya, in ba haka ba zan sanar da Alhaji. Da yawa a nan suke dainawa, da na yi haka tun ranar farko da turmi biyu ne kawai a kansa, da sauƙin gyarawa. In ya ƙi, ka samu maigida shi kaɗai, banda majalisa banda habaici a WhatsApp, ka faɗi iya abin da idonka ya gani kar ka ƙara gishiri don kuna da wata a ƙasa, kuma ka roƙa masa sassauci ko a bar shi ya biya kaɗan-kaɗan. In ɗan gida ne ko kana tsoron a juya maganar kanka, ka tafi da dattijon da maigidan yake jin nauyinsa.

Ni sai bayan ƙaramar sallah na faɗa, na ajiye wa Alhaji dubu biyar ɗin a gabansa. Ya yi min faɗa sosai kuma ya yi daidai. Yaya har yau ba ya amsa gaisuwata. Alhaji ya aika a dawo da yaron, amma yaron ya ce ba zai iya ƙara shiga layin ba, na bi shi har kasuwar Singa inda yake dako na roƙe shi gafara, ya ce ba komai Yaya na yafe, ya ɗora katan a ka ya wuce.