Injin walda a tasharmu

Yau muka gwada sabon injin walda a tasharmu ta wutar lantarki, ba tare da jiran 'yan kwangila ba. Muka ɗaura shi a bututun tukunyar tururi, ya riƙa zagaye shi a hankali, iskar argon na kare narkakken ƙarfen. Waldar ta fito sumul, har ta ƙasan nan da ke sa mutum kwanciya rigingine, wuya na sagewa.

Na ce wa ogan waldarmu, "Baba, namu ya ƙare ke nan?" Ya harare ni: "Wa ya goge bakin bututun? Wa ya daidaita giɓin da ke tsakanin bututu biyun da ake haɗawa?" Shi ne kuwa. Ni dai yanzu saita injin nan nake son koya.